Taya Uku a Ƙasa: Kare Martabar Tseren Ƙananan Motoci Iri Ɗaya

Wani abokina da ba ya yarda tseren Formula 1 ya wuce shi ya leƙo wayata ran nan, ya tarar ina kallon wani tsohon tseren Renault Clio a filin Brands Hatch na Ingila. Bai cika minti ɗaya yana kallo ba ya miƙo mini abata. "Haba Malam," in ji shi, "wannan ai tseren 'yan tasi ne. Motar cefane aka manna wa lamba." Da na ce ya yi mini bayani sai ya zazzage buhun gaba ɗaya. Motocin ba su da gudu. Babu wata fasaha a ciki tunda duk iri ɗaya ne. Talla ce kawai kamfani yake yi wa hajarsa. Direbobin kuma in ba yara masu neman tsanin hawa ba, to 'yan kasuwa ne da kuɗi ya yi wa yawa, shi ya sa ba a tashi tsere sai an kwashe ɓaraguzan bamba a kan hanya.

Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma ba duk maganarsa ce ƙarya ba. Talla dai talla ce. Renault ba don neman lada ta shafe sama da shekara 50 tana shirya irin wannan gasa ba. To amma wace gasar mota ce ba talla ba? Ko Ferrari da Mercedes sadaka suke yi? Karo ma ana yi, wani lokacin har ya ba mai kallo haushi, zan kuma dawo kansa. Inda muka raba gari shi ne batun gudu da fasaha. Masu sukuwa sun daɗe da wata gardama da ba ta ƙarewa a bakin fili: doki ne ya ci ko mahayi? A Formula 1 gardamar nan ba ta da alƙali, domin ingarman wani ya fi na wani tun daga barga. A gasar da nake karewa kuwa an ɗauko mahaya ashirin ko talatin an ɗora su a kan doki guda.

Tsarin sananne ne. Kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, inji a ɗaure da hatimi don kada bakanike ya buɗe shi ya yi masa siddabaru, taya iri ɗaya, nauyi kuma akwai iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. Motar ita ce guntuwar nan da but ɗinta ke ɗagawa sama haɗe da gilashin baya, dangin Golf da Starlet da 206 da muka saba gani a titunanmu. Ana kwashe kujeru da kafet, a walda kejin ƙarfe a ciki, a taurara shokozoba, a sa mata taya mara zane. In ka ɗauke waɗannan, gangar jikin dai ita ce ta motar da ake kai yara makaranta.

Asalin abin daga Faransa ne, kuma da mota mai but na gargajiya aka fara. A 1966 Renault ta buɗe gasar R8 Gordini, shuɗiyar motar nan mai farin layi biyu, inji a baya. Daga cikin samarin da suka goge a ciki akwai Jean-Pierre Jarier da Jean-Luc Thérier da Jean-Pierre Jabouille, wanda a 1979 ya ciyo wa Renault nasararta ta farko a Formula 1. A wannan shekarar ta 1966 Turawan Ingila suka fara tasu gasar ta Mini Se7en, wadda har yau ba ta mutu ba, kodayake tsohuwar Mini a wurina ba ta cikin dangin da muke magana, don murfin but ɗinta ƙasa yake buɗewa kamar tebur. R12 Gordini ta gaji R8 a 1971. Sai Renault 5 ta fito a 1972, rikicin man fetur na 1973 ya biyo baya, Golf ta zo a 1974, Fiesta a 1976, kasuwar Turai ta juya ga ƙaramar mota mai jan gaba. Gasar ta bi kasuwa. Tsakiyar shekarun 1970 Renault 5 ce ke tsere a Faransa da Ingila, Volkswagen ta fara nata a Jamus da Scirocco sannan Golf GTI, a Italiya kuma Autobianchi A112 Abarth ta samu gasarta a fagen tseren daji daga 1977. Clio ta karɓi tutar Renault a 1991. Daga nan abin ya bazu: Polo a Afirka ta Kudu tun 1997, Vitz ta Toyota a Japan daga 2000, León ta SEAT a Sifen daga 2002, Clio a Brazil, Micra a Kanada a 2015, ƙanwar wadda ke tasi a Ibadan.

Akwai wani reshe da marubuta tarihin nan ke son tsayawa a kansa, ni kuwa zan wuce shi da sauri. Tsakanin 1981 da 1984 an yi gasar Turai ta Renault 5 Turbo, ana buɗe wa Formula 1 fili da ita har a Monaco, Jan Lammers ya ci kambunta a 1983 da 1984. Hotunanta suna da kyau. Amma motar riga kawai ta ara. An cire kujerar baya an dasa inji a tsakiya, tayoyin baya ke jan ta. Kura ce da fatar akuya, abin da ke sa wannan fanni ya zama na daban kuma babu shi a jikinta.

Abin da nake nufi yana faruwa ne a cikin daƙiƙa biyu ko uku, daga lokacin da direba ya taka birki zuwa lokacin da ya koma kan totur. Mota mai jan gaba ta ɗora wa tayoyin gaba aiki uku: su ne ke ja, su ne ke juyawa, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan birki. Inji da giya suna kansu, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar. Tayoyin baya 'yan rakiya ne. Taya kuwa riƙonta yana da iyaka kamar albashi, abin da ka kashe wajen birki ba za ka same shi wajen juyawa ba. Shi ya sa halin irin wannan mota shi ne ƙin kwana. Ka murɗa sitiyari, ita ta ci gaba da tafiya inda ta nufa tana kukan taya. Sabon direba in ya ji haka sai ya ƙara murɗawa, ya ƙara taka totur, ya ƙone tayar gaba a banza, ya fito daga kwanar da jan ciki.

Gwanin kuwa da baya yake juya motar. Yana taka birki da ƙarfi tun motar na miƙe, nauyi ya zubo gaba, hanci ya duƙa, baya ya yi sakayau. Sai ya fara murɗa sitiyari alhali bai gama sakin birkin ba, yana ɗaga ƙafa a hankali, gwargwadon yadda yake ƙara murɗawa. Tunda baya babu nauyi a kansa, sai ya fara zamewa waje kaɗan, kamar tafin hannu ko biyu. Wannan 'yar zamewa ita ce ke nuna hancin motar cikin kwana ba tare da an roƙi tayoyin gaba abin da ba su da shi ba. A daidai nan ne tayar baya ta ɓangaren ciki ke rabuwa da kwalta. Za ka gan ta a sama, wani lokacin ma ta tsaya cak ba ta juyawa don birki ya riƙe ta, motar na tafe a kan taya uku kamar tukunya a kan murhu. Wanda bai sani ba zai ɗauka hatsari ne ke shirin faruwa, alhali nan ne motar ta fi zama daram.

Dalilin ɗagawar tayar ban fahimce shi sosai ba sai da wani bakanike mai gyaran Golf ya nuna mini da idona. Ya sa ni na sauka ramin garejinsa a ƙarƙashin wata Golf 3 ta haya, ya haska mini da fitilar waya, ya buga sifana a kan wani ƙarfe da ya ratsa daga tayar baya ta hagu zuwa ta dama. "Ka ga wannan, Malam? Shi ke nan abin da ke bayan. Ba ya lanƙwasa, sai dai ya murɗe kaɗan." Ya sa yaronsa ya ɗaga gefe ɗaya da jak, na ga ɗaya gefen yana son biyo shi. To haka bayan Clio yake. Ƙarfe ne mai arha da aka ƙirƙiro don a rage kuɗin ƙira a kuma bar wa but fili. In mota ta kwanta a kwana, tayar waje ta nutse cikin jiki, ƙarfen sai ya janyo ta ciki sama tare da ita. Masu tsere suna ƙara taurara bayan da gangan. Sakamakon shi ne bayan ya ɗauke mafi yawan wahalar kwanciyar motar, tayar gaba ta ciki ta samu ta zauna a ƙasa, ita ce kuwa ake bukata in an zo fita. Abin da injiniyan kamfani ya yi don tsimi ya zama makamin direba.

Sai mataki na ƙarshe, wanda ya fi saɓa wa hankali. In bayan ya zame fiye da kima, jikin mutum abin da zai ce masa shi ne ɗaga ƙafa. A wannan mota ɗaga ƙafa shi ne halaka, don yana ƙara zubo nauyi gaba, bayan ya ƙarasa kwacewa, motar ta juya ta fuskanci inda ta fito. Maganin shi ne ka taka totur. Tayoyin gaba su ja, nauyi ya koma baya, wutsiya ta bi sahu. Akwai faifan bidiyo da yawa na cikin mota inda za ka ga Clio ta karkace har kana kallon hanya ta tagar gefe, direba ya danne totur har ƙasa, ta miƙe kamar ba a yi ba. Wanda ya saba da mota mai jan baya sai ya kwance abin da ƙafarsa ta haddace kafin ya iya wannan.

A ɗauki Paddock Hill, kwanar farko a Brands Hatch. Ana isowa da gudu a kan hanyar da ke ɗan hawa, ana taka birki ba a ganin cikin kwanar, sannan ƙasa ta zube gangare zuwa dama kamar an janye tabarma. Wato a daidai lokacin da direba ke son bayansa ya yi sakayau kaɗan, tudun da kansa yana ɗauke wa motar nauyi gaba ɗaya. In ya wuce da birki cikin kwanar yadda zai yi a fili shimfiɗaɗɗe, bayan zai wuce shi, sai tsakuwar da ke jira a hagu. In ya saki da wuri, hanci ya ƙi shiga, tsakuwar dai ita ce. Tsakanin biyun akwai wata 'yar tazara da ba ta fi motsin babban yatsa a cikin takalmi ba. A ƙasan gangaren motar na dannuwa cikin kwalta, riƙo ya dawo har ya ƙaru, wanda ya san haka tuni ƙafarsa na kan totur kafin ya iso, yana dogara da riƙon da bai zo ba tukuna. Daga nan a hau tudu zuwa Druids, kwanar da ke naɗewa kamar ƙugiya, inda ake ganin taya a sama ƙarara kuma inda rabin rigimar tseren ke tashi. Gajeren zagayen filin bai kai kilomita 2 ba, Clio na gama shi cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne a ga motoci goma ko fiye a cikin daƙiƙa guda a gwajin neman gurbi. A irin wannan matsi, wanda ya saki birki da gaggawar ƙiftawar ido a Paddock ya sauka layi biyu ko uku a wurin tashi.

Abokina zai ce ai direban Formula 1 ma yana shiga kwana da birki. Haka ne. Bambancin yana wurin hukunci. Mai inji mai ƙarfin doki dubu a bayansa in ya yi kuskure a tsakiyar kwana, totur zai biya masa wani abu daga cikin bashin. Mai doki 200 ba shi da wannan gata. A yi lissafi mai sauƙi: ka fito daga kwanar Clearways ta Brands Hatch da ƙarancin kilomita 3 a awa kan abokin hamayyarka. Wannan kusan santimita 83 ne a kowace daƙiƙa. In miƙaƙƙiyar hanyar ta ɗauki daƙiƙa 12, ratar na iya kusantar mita 10, tsawon mota biyu da rabi, kuma babu abin da za ka taka ya dawo maka da ita, tunda injinka da nasa uwa ɗaya uba ɗaya ne. Gudun da ka zubar a kwana ya zube ke nan. Don haka tuƙin irin wannan mota tuƙin tattali ne, irin na mai tura kurar ruwa da ya san in ya bari ta tsaya a gindin tudu sai ya yi gumi kafin ta sake motsi.

Ga kuma taya. Yawancin filayen Birtaniya dama ake zagayawa, don haka tayar gaba ta hagu ita ce jakar gidan. A Thruxton, fili mafi gudu a ƙasar, mai kwalta kamar dutsen niƙa, wanda ya ci zalinta a zagaye biyar na farko zai ga ana wuce shi a biyar na ƙarshe. Na baya kuma matsalarsu akasin haka ce, ba sa aiki balle su yi zafi. Shi ya sa a gwajin neman gurbi za ka ga mota ta fita ta yi zagaye ɗaya ko biyu, ta dawo rumfa, makanikai su kwance tayoyin gaba da suka ɗumama su mayar baya, su sa sababbi a gaba. Shi ya sa kuma zagayen farko na tsere ya fi kowane haɗari: gaba ya kama, baya yana kan sanyi, motoci ashirin da wani abu sun nufi kwana ɗaya.

Iska ma tana da nata rabon. Bayan guntuwar mota a yanke yake kamar an sare shi da adda, yana barin rami babba a cikin iska, wanda ke biye kuma ramin na tsotso shi. A Thruxton, daga kwanar Church a hau tudun Woodham zuwa 'yar karkatacciyar kwanar ƙarshe, wanda ke gaba shi ne abin tausayi. Na biyu ya fito daga inuwarsa, na uku ya fito daga inuwar na biyu, su iso wurin birki su uku ko huɗu kafaɗa da kafaɗa. Direba mai wayo yakan ƙi karɓar jagoranci sai zagayen ƙarshe. A Formula 1 sai da aka ƙirƙiro fiffike mai buɗewa a 2011 don a samu a riƙa wuce juna. Siffar motar cefane ta ba da wannan kyauta.

Yanzu batun karo. Motoci masu gudu ɗaya, masu birki ɗaya, ba za su wuce juna ba sai ɗaya ya kutsa inda babu fili sosai. Gogar ƙofa da karyewar madubi suna cikin sana'ar, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da ba na karewa shi ne dungure na gaba daga baya a wurin birki don a buɗe hanya. A motar da bayanta ke sakayau da taya ɗaya a sama, ɗan taɓi kaɗan ya isa ya juya ta, kowa kuma ya san haka. Wannan rashin tarbiyya ne, maganinsa alƙalan tsere masu tsauri. Amma a ce don ana samun masu yin haka fannin duka wasan yara ne, kamar a ce a soke kokawa ne don wani ya taɓa sa ƙafa ba bisa ƙa'ida ba.

Zargin da ya fi wannan nauyi abokina bai ma kawo shi ba, ni zan kawo masa. Daidaiton ba cikakke ba ne. Inji a rufe yake, amma mai kuɗi yana sayen ranakun gwaji, yana ƙona sababbin tayoyi, yana ɗaukar injiniyan da zai zauna da kwamfuta ya nuna masa inda ya saki birki da wuri, kuma ba ya jin tsoron lotsa mota don akwai kayan gyara a tirela. Talaka yana tuƙi yana lissafin kuɗin bamba. Duk da haka kuɗi a nan ilimi yake saya maka da ƙarfin zuciya, ba ya saya maka doki ko ɗaya. A wace gasa ce kuma za a iya faɗin haka?

Masu kare wannan fanni sun saba kawo jerin sunaye a matsayin hujja, sunayen kuma na gaske ne. Rob Huff ya ci gasar SEAT Cupra ta Birtaniya a 2003, ladarsa ita ce kujera a motar kamfanin a babbar gasar BTCC, a 2012 ya zama zakaran duniya a tseren motocin gida. Ash Sutton ya ci Clio a 2015, bayan shekara biyu ya ɗauki kambun BTCC, ya kuma maimaita a 2020 da 2021 da 2023. 'Yan gida ɗaya, Kelvin da Sheldon van der Linde, daga Polo ta Afirka ta Kudu suka fito; Kelvin ya ci gasar Scirocco a Jamus a 2013, Sheldon ya zama zakaran gasar DTM ta Jamus a 2022. Ni wannan hujja ba ta gamsar da ni, don ta riga ta sallama wa mai suka cewa darajar gasar tana wurin da take kai mutum. Wanda ya fi burge ni shi ne Paul Rivett, wanda ya ci kambun Clio na Birtaniya sau huɗu, a 2002 da 2004 da 2011 da 2018. Shekara 16 tsakanin na farko da na ƙarshe, samfurin motar ya canza a hannunsa, yara masu zafin jini suna zuwa suna wucewa, shi yana nan. Irinsa ne ma'aunin. Yaron da ya zo ya doke tsohon hannu a mota iri ɗaya ya tabbatar da wani abu, in babu tsohon hannun kuma kambun yaron holoƙo ne.

Wani abin da ya kamata masu raina fannin su tsaya su duba shi ne tsarin gasar TCR. Lokacin da Marcello Lotti ya kafa wannan tsari a 2014, motar gasar SEAT León ya ɗauka ta zama abin koyi, ya ce kowane kamfani ya ƙera irinta. Yau TCR ta mamaye tseren motocin gida a duniya. Sai dai da aka tara Honda da Hyundai da Audi da sauransu a fili guda, dole aka koma ana ƙara wa wannan nauyi, ana rage wa wancan ƙarfi, ana ɗaga wani daga ƙasa, don a daidaita su. Kowane mako wani na kukan an zalunce shi. Kwamiti da ma'auni suna wahalar neman abin da gasar mota iri ɗaya ta mallaka tun ranar farko.

Damuwata ita ce fannin da kansa ya fara jin kunyar rauninsa. Clio ta tashi daga inji mai lita 2 mara turbo ta koma mai lita 1.6 da turbo da doki 220, ana canza giya da yatsu a bayan sitiyari. Scirocco ta Jamus, tsakanin 2010 da 2014, ta zo da maɓallin da ake dannawa inji ya ƙara ƙarfi na 'yan daƙiƙu don a wuce na gaba. Wannan a ganina cin amanar tsarin ne, an mayar wa direba hanyar biyan bashin da ya ci a kwana. Turbo ma haka, ƙarfinsa na zuwa tun daga ƙasa, yana rufa wa mai kuskure asiri. Kowane ƙarin doki yana zuwa da ƙarin kuɗi, layin tashi kuma yana raguwa. Gasar Clio ta Birtaniya, wadda asalinta ke komawa zamanin Renault 5, ta rufe a ƙarshen 2019, aka maye gurbinta da Mini mai ƙarfi fiye da ita. Na kalli sabuwar. Tana da gudu, tana da ƙara. Ban ga ta fi koyar da kowa komai ba.

Magadan R8 Gordini na gaskiya a yau suna can ƙasa, inda kyamarar talabijin ba ta cika zuwa ba. A Ingila akwai gasar Citroën C1, 'yar mitsitsiyar motar nan mai silinda uku da doki 68, wadda ita da Peugeot 107 da Toyota Aygo a masana'anta ɗaya aka haife su a ƙasar Cek. Abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi tsohuwa, su yi tseren awa 24 da ita. A filin Silverstone a 2019 kusan mota 100 ne suka tashi tare. Akwai ta tsohuwar Ford Ka, wadda har Nick Tandy, mutumin da ya ci tseren Le Mans a 2015 da Porsche, ya shiga ya fafata. Akwai ta Citroën Saxo ta yara 'yan shekara 14 zuwa 17. A doki 68 babu inda za ka ɓuya. Ɗaga ƙafa na rabin daƙiƙa inda bai kamata ba zai bi ka har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, motoci shida su wuce ka kana kallo, ka kuma san sarai abin da ka yi.

Wadda na fi so duka ita ce ta Japan. Gasar Vitz da Toyota ta fara a 2000, wadda Yaris ta gada a 2021, da motoci masu lambar hanya ake yin ta. Ma'aikacin ofis ya tuƙo motarsa daga gida ranar Asabar, ya shiga filin Fuji ko na Suzuka, ya ɗaga tayar baya a kwana tare da mutum arba'in ko hamsin masu irin motarsa. In an kaɗa tutar ƙarshe ba a sallame shi ba tukuna. Sai ya shiga layi jami'ai sun duba fitilu da birki da tayoyi, sun tabbatar motar ta cancanci hawa titin gwamnati, don a cikinta zai koma gida, ranar Litinin kuma da ita zai je aiki. Na tura wa abokina faifan wani tseren Vitz a Fuji, inda motoci biyar suka shigo kwanar farko a jere. Bai ba ni amsa ba sai bayan sallar isha'i, da tambaya ɗaya: "Wai me ya sa ta ukun nan ba ta taka birki inda sauran suka taka ba?"